Kaltumi da Akwatin Dodo

In ka shiga Tawa ka tambayi Kaltumi mai fura, ko ɗan kabu-kabun da ya fara aiki jiya zai kai ka. Tana nan bakin kasuwar dabbobi, gindin dogon yaro, da ƙwaryarta da ludayinta da bakinta. Bakin ne ya fi suna. Dillalin da ya kuskura ya ce furar yau ta yi ruwa, sai ta tambaye shi ko shi ya yi mata dakan. Doguwa ce, baƙa, mai faɗin ƙafa, har takalmin maza take saye, kuma ba ta ga abin kunya a ciki ba. Abin kunyar Kaltumi daban yake, za mu zo kansa.

'Yar Affala ce. Aure ya kawo ta birni, gidan Dodo tela, mutum ɗan siriri mai sanyin magana, wanda in ka tsawata masa sai ya yi maka murmushi har ka ji kai ne mai laifi. Kamar kowane namijin Adar da ya san ciwon kansa, Dodo ya tafi bida, wato neman arziki ƙasashen kudu. Abijan ya yi. Sa'o'insa suna dawowa da katifa, da moto mai ƙafa biyu, da kwanon rufi, matansu suna taku ɗai-ɗai a unguwa. Kaltumi ta zuba ido tana jiran nata.

Ranar da babbar mato ta tsaya ƙofar gida, ƙarti suka kinkimo wani abu naɗe cikin bargo suna nishi. Unguwa ta taru. Wasu suka ce keken ɗinki ne irin na zamani, wata tsohuwa kuwa har ta fara salati. Da aka kwance bargon sai ga akwatin katako mai sheƙi, da haƙora farare da baƙaƙe jere biyu, ɗaya bisa ɗaya, ga maɓallai birjik, ja da kore da ruwan ɗorawa. A ƙasa, daidai inda ƙafa take sauka, ga wasu sanduna a kwance, kusa da su kuma wani faifai irin wanda tela ke takawa.

Ashe wata tsohuwar malamar kiɗa ce Dodo yake yi wa ɗinkin labule a can, ta ga yana leƙen abin, ta koya masa. Da ƙasar ta rikice za ta tashi, ta ce ya zaɓa cikin kayanta: ko firigo mai sanyaya kaya, ko wannan. Ka ji fa. Mijin mai fura, a garin da zafi ke tsinka nono kafin azahar, aka aje masa firigo a gaba, ya tsallake. Da bakinsa ya ba Kaltumi labari, yana murmushi, don Dodo bai iya ɓoye komai ba.

"Firigo," in ji Kaltumi. Ta sake cewa, "Firigo." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba ranar, amma ta yi shekara ashirin tana ƙarasa maganar.

Sunan abin na gaskiya org, sai dai Dodo kaɗai ya riƙe wannan. Unguwa ta ce piyano. Kaltumi ta ce Akwati, kuma in ta faɗa sai ka ji kamar sunan wani maƙiyinta ne. Ta ɗinka masa mayafi da tsohon zane, ta jera kwanukanta a kansa, wai ko ba komai ya yi amfani.

Amma a faɗi gaskiya, Akwati ya san aikinsa. In Dodo ya idar da la'asar, ya sauke kwanuka a hankali, ya soka igiyar kuran, wato wutar lantarki, a bango ya kunna, sai fitilu su kama. Ya danna wannan maɓalli, haƙoran sama su yi kukan sarewa. Ya danna wancan, su koma goge, ko kakaki, ko wani abu mai kama da algaita da mura ta kama. Jeren ƙasa na hannun hagu ne, shi ke yi wa waƙar shimfiɗa. Akwai gefen ganguna, wanda da ka taɓa sai kiɗa ya tashi da kansa ba makaɗi, ka murɗa wani ɗan abu ya yi sauri ko ya lafa. Faifan nan na ƙafar dama shi ke ƙara murya ko ya rage ta. Sandunan kuwa na ƙafar hagu ne, su ke ba da ƙatuwar muryar da kake ji a ƙirji kafin ka ji a kunne. Mutum ɗaya, hannu biyu, ƙafa biyu, kowanne da aikinsa. Kaltumi ta ce da haka yake haɗa gaɓoɓinsa wajen ɗinki, da tuni sun yi bene.

Ana nan, wata Lahadi ranar kasuwa, rago ya ƙwace wa mai shi ya faɗo gaban kabu-kabun da ya ɗauko Dodo. Ragon ya tashi ya kaɗe jiki, Dodo bai tashi ba. Aka yi ɗori, ƙafar hagu ta warke, amma ta sandare, gwiwa ba ta lanƙwasuwa. Ɗinki bai tsaya ba, da dama yake takawa. Kiɗa ne ya gurgunce. Sai ya zauna yana bugawa da hannu, waƙa tana fita ba gindi, shi kuma yana kallon sandunan nan kamar mai azumi gaban randa.

Kaltumi ta daure sati guda tana ji. Ran nan ta aje tankaɗe ta leƙo.

"Wai mi ya samu Akwatin naka? Kukan nan awa na akuyar da anka yanke ma ɗiya."

"Ba shi da ƙafa," in ji Dodo. "Ni ma haka."

"To, ina ake takawa? Ba don kai ba. Kunnuwana nike tausai."

Ya matsa mata a benci, ta zauna hagunsa, ta tuɓe takalmi. Takun farko ta haɗa sanda uku da ƙafa ɗaya, Akwati ya yi gurnani har kwanukan da ke ƙasa suka amsa. Dodo ya ce ta taka da babban yatsa da diddige, kuma ta daina kallon ƙasa.

"Ki ɗauka daka kike. Wagga sanda taɓaryarki, waccan ta abokiyar lugude. Ke, ita, ke, ita, sannan ki sauka nan."

To, in dai daka ne, an zo gidan Kaltumi. Macen da ta tashi da taɓarya a hannu ba a koya mata inda bugu yake faɗawa. Waƙar da ya zaɓa ma ta daka ce, wadda mahaifiyarsa take rerawa bakin turmi a Tebaram tun yana ƙarami. Ya sa mata muryar sarewa a sama, ya kashe gangunan Akwati, don ya ce ƙafar Kaltumi ta ishe su. Daga ranar, kusan kowace la'asar sai an yi. Kullum sai ya roƙa, kullum sai ta ce tana da aiki, kullum sai ta zo. Waƙar nan ɗaya ta iya, kuma ƙafarta kawai ta iya. Ba ta taɓa ɗora yatsa kan haƙoran ba, ta ce wannan shashancin masu shi ne.

Shekaru suka tafi, 'ya'ya suka yi aure suka watse. Sai ciwo ya kama Dodo, irin mai cin mutum a hankali. Wata rana da ya ɗan ji dama, ya ce a zaunar da shi gaban Akwati. Ya danna wani jan maɓalli can gefe wanda ba ta taɓa ganin ya taɓa ba, ya buga waƙar daga farko har ƙarshe, hannu kawai, ya hana ta takawa. Da ya gama ya danna na kusa da shi, ya naɗe hannuwansa a ƙirji. Sai ga waƙar tana fitowa ita kaɗai, har da ɗan wurin da yatsansa ke jinkiri kafin amshi.

"Na aje miki hannuwana nan ciki," ya ce. "Ƙafa taki ce, na bar miki wurinta. Amma ki kiyaye, wanga abu awa mutum yake. In ya wuce sati guda bai sha kuran ba, sai shi mance duk abin da anka ba shi ajiya. Ki riƙa kunna shi, ko na ɗan lokaci ne."

"Sai ka ce ba ni da aikin yi," in ji Kaltumi, ta tashi ta fita. A bayan ɗaki ta tsaya, ta daɗe ba ta dawo ba.

Kafin kaka Dodo ya rasu. Duk tsawon takaba, kowace Juma'a takan sa hannu ƙarƙashin mayafin ta kunna Akwati, ta bar shi ya sha kuran, ta kashe, ba ta taɓa komai ba. Da ta fita takaba, Juma'ar farko, maza sun tafi masallaci unguwa ta yi tsit, ta sakaya ƙofa. Ta ɗauko abin nan na sawa a kunne, wanda in ka soka shi Akwati sai ya yi shiru ga kowa ban da kai. Ta zauna hagun benci, ta bar dama ba kowa, ta danna maɓallin nan na kusa da ja. Sarewa ta taso. Ƙafarta ta sauka da kanta. Ta yi kuka ranar, kuka sosai, don tana son mutumin nan, kuma ba ta taɓa gaya masa ba.

Ga inda abin kunyar Kaltumi yake. Matar da ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba, da ransa ko bayan ransa, wadda 'yar farinta Zuwaira har gobe "waccan yarinyar" ce a bakinta, ita ce za ta buɗe baki ta ce tana kulle ƙofa tana kiɗa da mamaci? Da jikoki? Allah ya sawwaƙe. Kowane yaro a unguwar yana da salular da za ta ɗauke waƙar nan cikin ƙiftawar ido, a ajiye ta har abada. Kaltumi ta sani sarai. Amma sai ta roƙa, in ta roƙa sai an tambaye ta dalili, in an ji dalili kafin magariba ya kai bakin kasuwa. Ta ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Tata salular kuwa ƙarama ce mai tocila, kira kawai ta sani.

Haka aka yi shekara biyu. In kuran ya ɗauke kwana da kwanaki, sai Kaltumi ta bi ta addabi kowa da faɗa, masu sayen fura su ce yau kuma da wa aka gamu. Da ya dawo sai ta saki fuska, har ta yi musu gyara.

Farkon damina aka kira ta. Zuwaira ta haifi tagwaye a wani ƙauye gaba da Affala, haihuwa mai wuya, mijin yana bida, ga gona ta taso. Dole uwa ta je ta yi mata wankan jego har a yi arba'in. Ƙauyen ba kuran, Akwati kuma ba abin saɓawa a kafaɗa ba ne. Kaltumi ta kwana tana juyi, da safe ta leƙa katanga ta kira Haula.

Haula ƙanwar Dodo ce, ita ma mijinta ya rasu, gidanta na jikin nasu. Gajeruwa, mai dariya, mai son a ce ta iya. Tsakaninta da Kaltumi wasan ƙanwar miji ne tun ranar da aka kawo amarya, kuma tsufa bai rage komai ba.

"Matarmu, lahiya da sassafe? Ko kin samu wani mijin ne kike son in sa albarka?"

"Wa zai kwashe ni, ke ma kina nan an rasa mai ɗauka. Ga makulli. Kowace Juma'a ki shiga ki kunna Akwati, ga maɓallin nan baƙi. Ki bar shi ya ɗan jima, ki kashe. Kada ki taɓa komi bayan shi."

"Ikon Allah. Akwatin da kika zaga shekara ashirin? Don mi?"

Nan ne fa. Gaskiya ta zo wa Kaltumi har maƙogwaro, ta dubi fuskar Haula mai jiran abin dariya, ta haɗiye.

"Ɓeraye," ta ce. "In ba a kunna shi, ɓeraye ka shiga su yi gida. In sun ji kuran gudu sukai."

"Shi ke nan? Ki tafi da hankalinki kwance. Ɓera ko ɗaya ba ya kwana ɗakin yayana."

Kaltumi ta hau mato ta tafi. A ƙauye ta yi abin da ya kai ta: ta dafa ruwa, ta yi wa mai jego wanka da ganye, ta dama kunun kanwa, ta goya Hassana ta rungumi Usaina, ta yi wa dangin miji faɗa daidai gwargwado. Duk Juma'a kuwa sai ta hau tudun da ake samun rezon waya, ta kira Haula a Tawa.

"Ya ɓeraye?"

"Ko ɗaya babu, matarmu."

Sai ta sauko tana jin daɗi, har ta tsaya gaisawa da mutane.

Abin da ba ta sani ba, a satin da ta tafi aka yi hadari mai tsawa. Haula, kamar kowace mace mai hankali a Tawa, ta ruga ta zare duk wata igiya daga bango, nata gidan da na Kaltumi, kada aradu ta bi waya ta ƙone kayan mutane. Da gari ya waye ta tsaya ta yi tunani. Damina ce, hadari kullum. A riƙa soka igiya ana zarewa saboda ɓera? Ita da take da kyanwa wadda ko ƙadangare ba ya gilma mata? Ta ɗauko kyanwar ta kai ɗakin, ta buɗe mata taga, tana kai mata ɗan nono. Ta so ta faɗa a waya, sai ta ce a'a, bari matarmu ta dawo ta ga dabara.

Aka yi arba'in, gero ya fara fitar da kai, Kaltumi ta dawo da tsarabar cuku da kaza biyu. Haula ta tare ta a ƙofa, ta karɓi kaya, ta ja ta har ɗaki tana washe baki. Ga Akwati lulluɓe, kwanuka a jere an goge su tas. Ga kyanwa kwance a benci, ta yi ƙiba. Ga igiya kuma an naɗe ta da kyau an rataye a ƙusa.

"Kin gani? Ba kuran, ba tsoron aradu, ba ɓera. Tun satin da kika tafi ban ƙara wahal da shi ba."

Kaltumi ta dubi igiyar. Wa za ta yi wa faɗa? An ce ɓera, an kori ɓera.

"Sannu da ƙoƙari," ta ce. "Allah shi saka."

Haula ta fita tana rangaji, ta ce bari ta kawo mata ruwa. Kaltumi ta kori kyanwar, ta sauke kwanuka, ta soka igiya. Fitilu suka kama kamar ba abin da ya faru. Ta danna maɓallin. Shiru. Ta sake dannawa, ta kashe ta kunna, ta danna da ƙarfi har yatsanta ya yi zafi. Akwati ya sha kuran ya ƙoshi, amma ya manta.

Ta zauna a hagun benci, inda ta saba. Ba ta tuna da abin kunne ba, ba ta tuna ƙofa a buɗe take ba. Ƙafarta ce ta zame daga takalmi ta sami sanda. Ke, ita, ke, ita, sannan ta sauka. Ƙatuwar muryar ta cika ɗaki ita kaɗai, ba sarewa a kanta, tana barin gurbi a duk inda hannun Dodo ya saba shiga.

Haula tana tsakar gida da kwanon ruwa ta ji. Tun rasuwar yayanta ba ta ji wannan bugun ba. Kafin ta ankara bakinta ya kama waƙar, don ita ma a gindin turmin nan na Tebaram ta girma. Ta shigo tana rerawa, ta kai wurin amshi, sai ta ji ƙafar Kaltumi ta ɗan dakata, tana jiran wani jinkiri da ba na waƙar ba ne. Haula ta san mai wannan jinkirin. Ta dubi fuskar matar yayanta, ta dubi maɓallin da yatsan Kaltumi ke kai har yanzu, ta aje kwanon a ƙasa a hankali.

"Kaltumi. Mi ke cikin abin ga?"

Rabon da ta kira ta da sunanta, an manta.

"Yayanki ne," in ji Kaltumi. "Ya bar mini hannunsa a ciki, nike taka mishi duk Juma'a. Kunya ta hana ni in gaya miki. Yanzu ya tafi."

Haula ta toshe baki da gefen zane, ta durƙushe nan bakin ƙofa. Ta fara cewa ta shiga uku, ita ta kashe shi, Kaltumi ta katse ta.

"Ke kin yi abin da anka sa ki. Ni na ce ɓeraye. Tashi, kina zubar mini da ruwa."

Kaltumi ta share fuska da bayan hannu, ta daki gefen dama na bencin, wurin da ba wanda ya zauna tun da aka fita da Dodo.

"Zo nan. Muryarki ba daɗi, amma ke kaɗai kika rage da ta san ta. Ki rera, ni in taka. In kin zo amshi ki ɗan jira, haka yake yi."

Haula ta zauna. Suka fara, ta shige amshi da gudu ba ta jira ba. Kaltumi ta ce a sake daga farko. Ƙofa tana buɗe, matan unguwa har sun fara leƙowa ta katanga, ba ta tashi ta rufe ba.